Ƙanƙarar kan duwatsu da musun ɗumamar yanayi: ina gaskiyar take?

Tambaya: "Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Mun yi musu da wani abokin aikina a ɗakin malamai. Ya ce maganar narkewar ƙanƙarar kan duwatsu farfaganda ce kawai. An ce ta dutsen Kilimanjaro za ta ƙare kafin 2020, ga ta nan har yau. An ce ta Himalaya za ta ƙare a 2035, aka dawo aka janye. A Pakistan ma ƙaruwa take yi, ga kuma dusar ƙanƙara tana zuba har a hamadar Aljeriya. Na rasa amsar da zan ba shi. Me zan gaya wa ɗalibaina?"

Malam, Allah ya saka da alheri da ka kawo tambayar maimakon ka rufe musun da tsawa. Abin da kake son sani shi ne, idan an yi hasashe bai tabbata ba, kuma akwai wuraren da ƙanƙarar ba ta raguwa, shin har yanzu za a iya kafa hujja da ita a kan cewa duniya tana ɗumama? Zan fara da abin da watakila ba zai yi maka daɗi ba: abokin aikinka bai ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin abubuwa huɗun nan ba, duk sun faru. Inda ya zame shi ne hukuncin da ya yanke a kansu. Na daɗe ina koyar da darasin yanayi da karanta hotunan tauraron ɗan'adam, kuma kusan kowace shekara sai wani ɗalibi mai kaifin basira ya kawo mini ɗaya daga cikinsu.

Rumbu ne, ba tulin dusa ba

Hausa ta haɗa abubuwa uku a kalma ɗaya, shi ya sa musun yake saurin rikicewa a wurinmu. Akwai ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan sama kamar tsakuwa, irin wadda mutanen Jos suka sani. Akwai dusar ƙanƙara, mai laushi kamar auduga, wadda ke rufe ƙasa da hunturu a ƙasashen sanyi ta narke da bazara. Sai ta uku, wadda ita ce ake musu a kanta: dusar da ta ƙi narkewa, shekara bayan shekara wata tana hawa kan wata, nauyi ya danne ta har ta zama daskararriya, ta riƙa gangarowa daga tsauni a hankali kamar kunu mai kauri. Ita nake kira kogin ƙanƙara. Akwai irinsu fiye da 200,000 a duniya.

Yadda nake bayyana wa ɗalibai shi ne su ɗauke shi a matsayin rumbu. Dusar da ke zuba a sama ita ce hatsin da ake zubawa da kaka, narkewar da ake yi a ƙasa ita ce ɗiban da ake yi don tuwo. In ka leƙa rumbu ka ga ya yi ƙasa, ɗayan biyu ne, ko damina ba ta yi kyau ba, ko bakunan ci sun ƙaru, ko kuma duka biyun. Ganin rumbun kaɗai ba zai gaya maka wanne ne ba. Ka riƙe wannan, domin kusan duk amsar tana cikinsa.

Abin da ya sa ake samun ƙanƙara a tsakiyar Afirka kuwa tsayi ne. Duk hawan kilomita ɗaya sama, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5. Tsaunin da ya fi kowanne tsayi a Nijeriya, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne, bai kai ba. Kilimanjaro da ke Tanzaniya kuwa mita 5,895 ne.

Kilimanjaro

A 1848 wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ya hango farar dusa a kan wani dutse a Gabashin Afirka, wasu masana a Landan suka ƙaryata shi, suka ce ba zai yiwu ba kusa da layin da ya raba duniya biyu. A 1889 Hans Meyer da abokin tafiyarsa suka taka ƙololuwar. Taswirar da aka yi a 1912 ta nuna ƙanƙarar ta rufe kusan murabba'in kilomita 12. A 2007 ta dawo ƙasa da murabba'in kilomita 2, wato kimanin kashi 85 cikin ɗari ya tafi. Yanzu abin da ya rage bai wuce kimanin murabba'in kilomita ɗaya ba. Don haka in abokinka ya ce "ga ta nan har yau", ka yarda da shi, sannan ka tambaye shi nawa ce ta rage.

Shekarar 2020 ɗin da ya ambata ta samo asali ne daga masanin ƙanƙara Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, wanda ya hau dutsen a 2000 ya haƙo dogayen sandunan ƙanƙara daga sama har ƙasa. A 2002 ya wallafa cewa in aka ci gaba da raguwa a yadda ake, za ta ƙare tsakanin 2015 da 2020. Tsohon mataimakin shugaban Amurka Al Gore ya ɗauki maganar ya baza ta duniya a 2006, ya mai da Kilimanjaro tambarin ɗumamar yanayi. Hasashen bai cika ba. Kuma tun kafin lokacin ya zo, wasu masanan ƙanƙara, musamman Georg Kaser da Thomas Mölg na Jami'ar Innsbruck a Ostiriya a wancan lokacin, sun ce an zaɓi mummunan shaida.

Na taɓa hawa dutsen sau ɗaya, kuma sai da na gani da idona na fahimci abin da suke nufi. Mun bar zangon ƙarshe da tsakar dare, muka isa bakin ramin ƙololuwar ana fitowar rana. Na yi zaton zan ga farin fili shimfiɗe. Abin da na tarar ganuwa ce, bangaye na ƙanƙara a tsaye sambal, wasu sun fi gidan bene tsayi, jikinsu layi-layi kamar an jera tabarmi, suna zaune a kan baƙar toka busasshiya. Na durƙusa a gindin ɗaya na damƙi ƙasar, ƙura ce ta bi yatsuna, babu laka, babu wata ƙorama da ke gudu. Leɓɓana sun tsage kamar a tsakiyar hunturun Kano. Mai yi mana jagora, dattijo ɗan ƙabilar Chagga daga Moshi, garin da ke gindin dutsen, ya nuna mini wani dutse can nesa da sandarsa ya ce lokacin da ya fara aikin dako, bangon yana kaiwa wurin.

To ina ƙanƙarar take zuwa in ba ta zama ruwa? A ƙololuwar, matsakaicin zafin iska a shekara yana wajen digiri 7 ƙasa da sifiri, iska ba ta cika yin ɗumin da za ta narkar da komai ba. Amma busasshiya ce ƙwarai, rana kuma tana dukan wurin kai tsaye. A irin wannan hali ƙanƙara tana iya zama tururi ta bi iska ba tare da ta bi ta ruwa ba. Duk wanda ya taɓa sa kafur a akwatin kaya ya san wannan: bayan wata biyu ya ƙanƙance, kayan kuma ba su jiƙe ba. Kaser da abokansa suka nuna cewa raguwar ta faro ne tun wajen 1880, lokacin da Gabashin Afirka ta shiga wani yanayi na ƙarancin laima, tun kafin hayaƙin masana'antu ya yi ƙarfin da yake da shi yanzu. A lissafin rumbunmu, babbar matsalar Kilimanjaro ƙarancin zubi ce. Dusa ba ta sauka isasshiya, kuma rashin sabuwar farar dusa yana barin tsohuwar ƙanƙara mai datti a fili, ita kuma ta fi shan zafin rana, kamar bambancin baƙar riga da fara a watan Afrilu.

Thompson bai janye gaba ɗaya ba. Ya ce a saman ɗaya daga cikin sandunan da ya haƙo ya ga alamar narkewa da sake daskarewa wadda babu irinta a sauran tsawon sandar. Binciken da ya biyo baya kuma ya ɗaure laimar da ke isa ƙololuwar da halin da Tekun Indiya yake ciki, tekun kuwa yana ɗumama. Wato ɗumamar tana iya shigowa ta bayan gida, ta hanyar sauya inda ruwa ke zuba. A ganina, Kaser ya fi gaskiya a kan wannan dutsen, kuma an yi gaggawa da aka ɗora wa Kilimanjaro nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Sai dai ka gaya wa abokinka cewa Kaser ɗin nan da yake jingina da shi, ko bai san sunansa ba, ya kasance cikin manyan marubutan rahotannin IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin sauyin yanayi, kuma bai taɓa musun ɗumamar yanayi ba. Abin da ya ce shi ne wannan dutse ɗaya ba shi ne hujjar ba.

Maƙwabtansa ma suna da abin faɗa. Kogin ƙanƙara na Lewis da ke dutsen Kenya ya rasa kimanin kashi 90 cikin ɗari na yawan ƙanƙararsa tsakanin 1934 da 2010. Tsaunukan Rwenzori da ke iyakar Yuganda da Kwango wuri ne mai yawan ruwa da hazo, amma abin da ya rage musu bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba. Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 in aka ɗore a haka, duka ukun za su rabu da ƙanƙararsu a shekarun 2040.

Kuskuren 2035

Wannan kam kuskure ne tsagwaronsa, babu kwana-kwana. A rahoton IPCC na 2007 an rubuta cewa akwai yiwuwar ƙanƙarar Himalaya ta ƙare nan da 2035. Da aka bi sawun lambar, sai aka ga ba daga wani tantancaccen bincike ta fito ba, daga rahoton wata ƙungiyar kare muhalli ne, ita ma ta ɗauko daga hirar da wata mujalla ta yi da wani masani a 1999. Masanan ƙanƙara ne da kansu suka tona abin, Kaser na cikinsu, kuma a watan Janairun 2010 kwamitin ya amsa laifinsa. Wake ɗaya ya ɓata gari, har yau ana jifan masana da shi, kuma ni ina jin zafin hakan domin sakaci ne da za a iya kauce masa. Ƙanƙarar da kaurinta ya kai ɗaruruwan mita ba ta ƙarewa cikin shekara talatin. Lissafin da cibiyar ICIMOD mai nazarin tsaunukan Himalaya da ke Kathmandu ta fitar a 2019 ya fi kusa da hankali: ko da an tsayar da ɗumama a digiri 1.5, kashi ɗaya cikin uku zai tafi kafin 2100, in kuwa aka ci gaba da fitar da hayaƙi yadda ake yi, kashi biyu cikin uku.

Pakistan da dusar hamada

Tsaunukan Karakoram na arewacin Pakistan, inda dutsen K2 yake, sun daɗe suna ba masana mamaki. Wani masani, Kenneth Hewitt, ya ja hankali a 2005 cewa wasu kogunan ƙanƙarar wurin suna nan daram, wasu ma suna matsowa gaba. Mu koma rumbu. Gabashin Himalaya yana samun dusarsa ne da daminar Indiya, lokacin zafi, don haka ɗan ƙarin ɗumi kaɗan sai abin da zai sauka dusa ya sauka ruwa. Karakoram kuwa da hunturu yake samun tasa, daga iskar da ke tahowa daga yamma, ga tsananin tsayi, ga shi an shafe wasu shekaru bazarar yankin ba ta yi zafi sosai ba. Zubi ya yi yawa, ɗiba bai ƙaru ba. Irin haka ta faru a yammacin Nowe a shekarun 1990, inda aka jera hunturu masu yawan dusa kogunan ƙanƙara suka matso, bayan 2000 suka koma da baya da sauri. Awon 'yan shekarun nan yana nuna Karakoram ma ya fara bin sahu.

Dusar Aljeriya kuwa ba ta ma cikin lissafin. Garin Ain Sefra yana kan tudu mai kusan mita 1,000 a gindin tsaunukan Atlas, an ga dusa a can a 1979, an sake gani a 2016 da 2018, takan narke cikin yini. Guguwar sanyi ce ta kwana ɗaya. Haka wani ɗan majalisar dattawan Amurka, James Inhofe, ya shiga zauren majalisa da dunƙulen dusa a hannu a watan Fabrairun 2015 don ya nuna duniya ba ta ɗumama. Manomi ya san ruwan dare ɗaya ba ya nuna yadda damina za ta kasance.

Akwai wani abu game da dusar hunturu da ya kamata ka sani kafin abokinka ya kawo maka shi. Jami'ar Rutgers da ke Amurka tana ajiye awon faɗin ƙasar da dusa ke rufewa a arewacin duniya tun ƙarshen shekarun 1960. In ka duba watannin kaka da tsakiyar hunturu, ba za ka ga raguwa ba, wasu watannin ma akwai ɗan ƙari. Wannan bai saɓa wa komai ba, domin duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin laima kimanin kashi 7 cikin ɗari, kuma wurin da ya tashi daga digiri 15 ƙasa da sifiri ya dawo 13 har yanzu dusa ce za ta zuba masa. Raguwar tana bayyana ne a bazara, a watannin Mayu da Yuni musamman: dusar tana tafiya da wuri. Mai son ya ruɗe ka zai nuna maka zanen Disamba ya ɓoye na Yuni.

Idan aka haɗa rumbunan duka

Ana auna kogunan ƙanƙara ta hanyoyin da ba su dogara da juna ba. Akwai masu kafa sanduna a jikinsu su dawo ƙarshen bazara su ga nawa sandar ta fito, akwai taurarin ɗan'adam da ke auna tsayin samansu, akwai kuma masu auna nauyinsu ta hanyar ƙarfin jan ƙasa tun 2002. A 2025 an haɗa sakamakon ƙungiyoyin bincike da dama ƙarƙashin jagorancin cibiyar sa ido kan kogunan ƙanƙara da ke Zurich, aka samu cewa daga 2000 zuwa 2023 ana asarar kimanin tan biliyan 273 a kowace shekara, ban da manyan shimfiɗun ƙanƙara na Girinlan da Antatika. Tafkin Kainji in ya cika yana ɗaukar kimanin tan biliyan 15 na ruwa, ka ga kusan Kainji 18 ke nan duk shekara. Karakoram yana cikin wannan lissafin, an saka ribarsa, duk da haka jimillar ta fito asara. Suwizalan kaɗai ta rasa kashi 10 cikin ɗari na ƙanƙararta a shekaru biyu, 2022 da 2023. Kogin ƙanƙara na Chacaltaya a Bolibiya ya ƙare a 2009, Benezuwela kuma ta rasa na ƙarshenta a 2024.

Hujja mafi ƙarfi da mai musu zai iya kawowa, wadda abokinka bai ma kawo ba, ita ce cewa raguwar ta faro ne wajen 1850, ƙarshen wani zamanin sanyi na 'yan ƙarnoni, don haka dama can komawa daidai ake yi. Da gaskiyarsa a farkon labarin. Amma da komawa daidai ne kawai, da raguwar ta riƙa lafawa da tafiyar lokaci, sai ga shi ƙara sauri take yi. Wani masani, Ben Marzeion, da abokan aikinsa sun raba lissafin a 2014, suka samu cewa daga 1851 zuwa 2010 hannun ɗan'adam kimanin kashi 25 cikin ɗari ne na asarar, amma daga 1991 zuwa 2010 ya kai kusan kashi 69. Ƙura da baƙin hayaƙin da ke sauka kan dusa ma suna da nasu rabo, har ƙurar Sahara takan tsallake teku ta rina tsaunukan Alps ja, amma hakan ba zai bayyana raguwar da ake gani lokaci guda a Alaska da Peru da New Zealand ba.

Ɗalibanka za su tambaye ka ina ruwanmu, kuma kada ka yi musu ƙari. Kogin Kwara ruwan sama ne na tsaunukan Gini, babu ƙanƙara a cikinsa. Ko mutanen Moshi ma dajin da ke wuyan Kilimanjaro ne ke ba su ruwa. Waɗanda abin ya shafa kai tsaye su ne manoman kwarin Indus a Pakistan da mazauna tsaunukan Andes, sai masu zama ƙarƙashin tsaunuka, kamar ƙauyen Blatten a Suwizalan da ɓaraguzan kogin ƙanƙara suka binne a watan Mayun 2025, bayan an kwashe mutanensa kimanin 300. Namu rabon ta teku yake zuwa. Narkewar shekarun nan 24 ta ɗaga teku da kimanin milimita 18, ƙari a kan abin da sauran dalilai ke kawowa, kuma Legas da garuruwan Neja Delta a bakin ruwa suke.

A aji

Ni aikina da hotuna ne, ban taɓa haƙar ƙanƙara ba, kuma hoto faɗi yake nunawa, ba ya nuna kauri. Wannan gibin ne ma yake sa hasashen rana yin wuya: kogin ƙanƙara yana iya siracewa shekaru faɗinsa bai sauya ba, ko ya bar wani guntu a inuwar dutse ya ƙi tafiya. Shi ya sa shawarata kada ka ba ɗalibai shekarar ƙarewa a matsayin abin haddacewa. Ka ba su awon da aka riga aka yi, 1912 da 2007 da yau.

Hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat suna komawa har 1972, kyauta ne, kuma Google Earth yana nuna tsofaffin hotuna ko a waya. Amma ka kula da tarkon da ɗalibaina suke faɗawa kullum. Wata shekara wani rukuni ya zo mini da murna sun gano ƙanƙarar Kilimanjaro ta ninka. Da muka duba kwanan wata, tsohon hoton na lokacin rani ne, sabon kuma an ɗauke shi bayan ruwan Afrilu, sabuwar dusa ta lulluɓe dutsen, wadda ba za ta yi mako biyu ba. Ka sa su kwatanta rani da rani, wanda a can yake faɗowa wajen Agusta ko Satumba.

Sannan ka sayi ƙanƙara biyu masu girma ɗaya wurin masu sayar da ruwan sanyi, ka barbaɗa wa ɗaya garin gawayi, ka ajiye su a faranti a rana, ɗalibai su riƙa duba agogo. Ka ajiye ƙwayar kafur a kan taga su auna ta duk Litinin. Ka gayyaci abokin aikin naka ya zo ya kawo hujjojinsa huɗu a gabansu, kowace ya faɗa, yaran su tantance ko maganar zubi ce ko ta ɗiba, kuma rumbu nawa ta shafa.